Lomar Tsohon Faifai

Daren Laraba, Bici

Kwana uku ina fama da kwamfutar makarantar Malam Sabi'u. Da na fara kwashe sakamakon ɗalibai zuwa tsohon faifan ajiya sai komai ya tsaya cak. Na canja kebul, na goge, na sake, duk a banza.

Yau Habibu ɗan kawuna ya biyo daga gona, ko ƙafa bai wanke ba. Ya leƙa ya ce, "Yaya, manhajar direban faifan ce ke tura masa kilobayit dubu a loma ɗaya, shi kuwa ya tsufa. Rage iyakar zuwa sittin da huɗu." Na rage. Aiki ya tafi sumul.

Ni fa na koya masa kunna kwamfuta. Kuma na san da wannan iyakar, hankalina ne bai kai can ba.

Malam Sabi'u ya ba shi kyautar zabbi biyu a gabana. Ni kuwa "sannu da ƙoƙari" na samu.

Da magariba matar Habibu ta aiko mana da farfesun zabon. Na ce ba na ci. Yanzu na gama suɗe kwanon, kuma ya yi daɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.