Keke Mai Sirdi Biyu a Kan Ganuwar Xi'an

Zuwa ga Khairiyya, amaryata, sanyin idona, iskar tekun da ke taso wa Jidda bayan la'asar, ruwan saman da garinmu ke jira shekara guda!

Assalamu alaikum. Da hannuna na rubuta wannan a takardar otal, zan ɗauki hotonta in tura wa Gwaggo Mariyamu, tunda yau kwana biyar kin koma gidanta a unguwar Hindawiyya kin rufe waya a kaina. Ki yi haƙuri da Hausata, ta ɗan Jidda ce, tana ɗingishi. Amma da kunnen ɗan Jidda na yi laifin, dole da harshenki in ba da haƙuri.

Na gaji, Khairiyya. Wallahi na gaji tilis! Ga ni a Xi'an, tsohon birnin ƙasar Sin da muka yi wata takwas muna shirin zuwa cin amarci. Ashe satin da na zaɓa shi ne babban hutunsu na bikin ranar ƙasa, kwana bakwai cur, kowa da kakarsa ya fito yawon buɗe ido. Ni da na yi aikin Hajji sau shida ina raba ruwa a Mina, na ɗauka na gama ganin cunkoso. Ina! A Mina ai kowa gu ɗaya ya nufa. Nan kuwa wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, duk ta kan ƙafata. Sojojin yumɓun nan da kike ɗokin gani, awa uku na yi a layinsu. Na ga ƙeya ta fi dubu, na ga wayoyi a sama kamar zangarniya, sojojin kuwa da ƙyar na hango kafaɗar guda biyu aka turo ni waje.

Amma ba cunkoson ne ya karya ni ba, kin fi kowa sani. Ranar tafiya ta zo iƙamarki, takardar zaman Saudiyya da sai da ita za ki fita ki dawo, ba ta fito ba, hutun wurin aikina kuma ba ya ɗaguwa. Kika ce in tafi, kada hutun ya tafi a banza, har kika ninke min kaya da hannunki. Ni kuwa sakarai na ce halas, shi ke nan, na saɓi jaka, har ina yaba miki a raina. Sai da na sauka Na'ibi, abokin aikina ɗan Katsina, ya kira ni ya wanke ni tas. Ya ce kara kika yi min. Ya ce a gida ƙasar Hausa idan amarya ta ce wa ango ya tafi, jira take ya ajiye jaka ya zauna. Ya ce in ba ɗan Jidda ba, wa ke tafiya yawon amarci ba amarya? Rashin sani ya fi dare duhu, amma shin duhun nan bai isa a ce na lalubi fuskarki ba? Ashe shirun da kika yi kina zuge jakar magana ce, ni ne ban ji ba.

Kin tuna ranar da na fara fita da ke Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, Gwaggo tana biye da mu? Na sayo dafaffen waken nan balila kofi biyu, kika sunkuyar da kai kika ce kin ƙoshi, ni kuma na zauna na cinye duka biyun. Kika yi ta dariya cikin mayafi har hawaye, Gwaggo tana salati. Ran nan na ɗauka ban dariyata ce ta burge ki. Kaico! Ashe tun ran nan ya kamata in ɗauki darasi.

Yanzu garin nan ya zama mai horo na, domin komai biyu na kama mana tun daga Jidda. Da safe faranti biyu suke jera min. A ƙofar kowane wuri mai duba tikiti sai ya leƙa bayana yana neman ta biyu. Jiya na hau ganuwar birnin, mai faɗi kamar titi, an yi mata ado da jajayen fitilu da tutoci. Suka miƙo min keken da na yi mana tanadi, dogo mai sirdi biyu. Na roƙi a canja min, suka ce babu saura. Haka na zagaye kusan kilomita goma sha huɗu, rabi a kai rabi ina turawa cikin mutane, sirdinki yana bina a baya fayau. Wata tsohuwa ta nuna shi da yatsa ta tambaye ni wani abu da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane tambayar sarai.

A unguwar Musulmi akwai wani abinci, gurasa ce ake ba ka ka gutsuttsura da hannunka ƙanana ƙanana, sannan su zuba romon rago. Kowane tebur miji da mata ne, suna gutsura suna hira, ba mai sauri. Ni na gama tawa cikin minti biyar, mai abincin ya dube ta ya girgiza kai. Da aka zuba romon, na ture kwanon na tashi. Na shiga tsohon masallacinsu mai rufin katako da lambu, na yi la'asar, na ɗaga hannu, ban iya roƙon komai ba sai ke.

Kada ki zaci ina nan ne don daɗi. Tun ranar da Na'ibi ya kira nake neman hanyar dawowa. Jirgin sama ya cika, jirgin ƙasa ya cika, ko wurin tsayuwa babu sai hutun ya ƙare. Mutum miliyan nawa ne a garin nan, ya hasken raina, amma a rasa mai kiran sunana ko guda?

Ranar Alhamis in sha Allahu zan sauka. Ba zan taka gidanmu na unguwar Safa ba, me zan tarar a ciki? Daga filin jirgi sai ƙofar Gwaggo, da jakata da ƙurar ƙafata. Ban ce ki fito da murmushi ba. Ki yi faɗa, ki yi kuka, ki bar ni a rana har in yi laushi, duk na cancanta. Abu ɗaya kawai nake sanar da ke tun yanzu: idan kika aiko a ce min in tafi, wannan karon ba inda za ni.

Naki shi kaɗai, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Mijinki,
Abdulghani