Hotunan cikin ɗaki da kuka baje a kasuwa

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da ya gina wa shagona kantin intanet, Yola.

Yallaɓai,

Da safiyar yau Litinin kantin yana buɗe, hotunan da na nemi a cire kuma suna nan, kowanne da farashi a ƙasansa.

Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya da iyali da ma'aikata. Sunana Saratu, ina da ƙaramin shagon hoto a Sabon Layi, Mubi. Na yi aikin jarida kafin na dawo gida, don haka na san ba a kai magana bainar jama'a sai an bai wa wanda ake zargi damar kare kansa. Na kira ofishinku, na tura saƙo, na aiko ƙanena ya zauna a bencinku har aka tashi aiki. Amsar ɗaya ce: injiniyan da ya yi aikin ya yi tafiya.

Na ɗaya, abin da muka shirya. Bayan ƙaramar Sallah na nemi kanti mai sashe biyu. Na waje kowa ya shiga ya sayi firem, albam da hotunan da na ɗauka don sayarwa: duwatsun Michika, kasuwar shanu, mayo, wato kogi, idan ya cika da damina. Na ciki a kulle, kowane gida da lambarsa ta sirri, don dangin da ke Belel ko Legas su zaɓi hoton biki in wanke musu. Haka aka rubuta a yarjejeniya, na kuma cika nawa alkawarin na biyan kuɗi kafin a fara aiki.

Na biyu, abin da aka yi. Injiniyanku ya karɓi na'urar da nake ajiye hotuna, na nuna masa waɗanda za su fita waje. Ya ce ware su zai ci lokaci, zai ɗora duka, daga baya ya kulle. Na ce a'a, ya ce ya ji. Sai ya ɗora duka, bai kulle ba.

Na uku, kuma nan ne nake so ku karanta a hankali. Yawancin gidajen da nake wa aiki ba su da lamba a ƙofa. Shi ya sa nake sa wa kowane hoto suna da kwatancen gidan, don mai keken da zai kai albam kada ya ɓata: amaryar gidan wane, Wuro Patuji, bayan injin niƙa, ƙofa mai shuɗin fenti. Kantinku ya ɗauki wannan kwatance ya mai da shi sunan kaya. Yanzu duk mai waya zai ga fuskar yarinya, da gwal ɗin da ke wuyanta, da hanyar da za ta kai shi ƙofar gidansu. A garin da mutane ke ɓoye ranar da suka sayar da shanu, ba sai na yi muku bayanin haɗarin ba.

Na huɗu, yadda na sani. Ba daga gare ku na ji ba. Inna Dudu ce ta zo shago, dattijuwa daga Wuro Patuji wadda na ɗauki hotunan auren 'yarta A'isatu. Ni Kirista ce, su Musulmi ne, amma ita ta riƙe hannuna ta shigar da ni ɗakin da ake wa amarya lalle, inda ko yayyenta maza ba sa leƙawa, inda mata ke ajiye mayafi. Ɗanta da ke kasuwanci a Belel ne ya ci karo da hoton ƙanwarsa, kai babu ɗankwali, da wurin dannawa a saya. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙi kujera, ta ƙi ruwan da na ba ta, ta ce da Hausarta ta nan gari: "Saratu, kai na buɗe wa ɗaki, ban buɗe wa duniya ba." Tun ranar ba ta ƙara ɗaga wayata ba.

Jarina ba kyamara ba ce, Yallaɓai. Masu hoto maza sun fi ni kayan aiki. Abin da nake da shi shi ne iyaye mata suna barina in shiga inda ba a barin kowa, a gidan liman da gidan fasto. Wata mai bikin suna ta riga ta aiko cewa sun fasa ɗaukar hoto. Ban ga laifinta ba.

Na biyar, na so in rufe kantin da hannuna, sai na tarar lambar sirrin da kuka ba ni ta duba ciniki ce kawai. Makullin gaskiya yana wurinku. Sakatarenku ya ba ni shawarar in yi murna tun da masu ziyartar shafin sun ƙaru. A cinikin da na duba kuwa na ga an sayi hoto ɗaya, an sauke shi. Na A'isatu ne. Sunan mai sayen haruffa biyu ne kawai, babu lambar waya.

Ga abin da nake nema. Ku rufe kantin yau, ba sai injiniya ya dawo ba. Kamfani ba mutum ɗaya ba ne. Ku goge hotunan cikin gida da kwatancensu daga duk inda kuka ajiye su, ku rubuto mini cewa an yi. Ku miƙa mini makullin shafina. Ku faɗa mini wanda ya sayi hoton nan, ko ku faɗa wa hukumar da ta dace. Sannan ku turo babban ma'aikaci mu je gaban Inna Dudu tare, ta ji daga bakinku yadda abin ya faru. Ga 'yan'uwana masu hoto na Mubi da kuka yi wa tallar irin wannan kanti, shawarata ita ce kada kowa ya miƙa ma'ajiyarsa gaba ɗaya.

Ina roƙon Allah ya albarkaci sana'arku, ya ba ku ma'aikata masu riƙon amana, ya tsare 'ya'yanku mata daga abin da ya sami 'yar mutane.

Ɗazun nan sakatarenku ya turo saƙo cewa wataƙila injiniyan ne da kansa ya sayi hoton don gwada ko kantin yana aiki. Idan haka ne, A'isatu za ta iya komawa ɗakinta daga gidan kawunta, inda aka kai ta aka ɓoye don tsoro tun da hoton ya fita. Har zuwa lokacin da nake sa hannu, babu wanda ya tabbatar.

Wassalam.

Saratu, mai hoto,
Sabon Layi, Mubi.