Kin Sa Wa Gada Rawaya

Zuwa ga sanyin idona, hasken ɗakin aikinmu, wadda murmushinta ke sauko mini kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga mutumin da ke zaune a kwamfutar da ke fuskantar taki. Wallahi kin ruɗa ni, irin ruɗewar da ban taɓa yi ba tun da aka ɗauke mu aikin nan!

Kin fi ni sanin ƙa'ida. Ana haɗa mu bibbiyu a ba mu labarai iri ɗaya, kowa ya karanta shi kaɗai. Abin da aka ce bai faru ba mu sa masa ja, abin da ake zato mu sa rawaya, wanda ya tabbata mu sa shuɗi, sannan mu nuna ƙarfinsa, sama-sama ne ko mai tsanani. Ba shawara, ba leƙe. Sai inda alamominmu suka saɓa ne Shugaba ke zaunar da mu a ƙaramin teburin nan na bakin taga mu daidaita.

Duk ofis an san idonki ba ya kuskure. To me ya same ki ranar gada? "Gada ta rushe, motoci sun faɗa kogi." Ina zato a nan, farin watana? Amma kika sa mata rawaya! Da aka zaunar da mu na ce miki gadar nan fa ta tafi, sai kika juya cokali a kofin shayinki kika ce, "Kai ka gani da idonka?" Kika yi dariya har da rufe baki. Muka kai yamma a kan gada ɗaya, rana na zuba a gefen fuskarki, ni kuwa ina addu'ar kada mu daidaita. Ranar na wuce ƙofar gidanmu ban sani ba.

Daga nan gobara ta zama wataƙila, ambaliyar da ta cinye unguwa ta zama sama-sama. Kuma da kowa kina daidai, sai da ni! Da gangan kike yi saboda teburin taga? Ko gajiya ce? Ko ni ne idona ya lalace tun da ya saba da kallonki? Yayata ta ce, "Kai dai sakarai ne. Yarinya ta ƙaryata gada sukutum saboda kai, kana nan kana tambaya." Na kwana ina murna. Da safe kika wuce ni da gaisuwa a bushe, ko ɗago kai ba ki yi ba, na koma inda na fito. Ni da ake biya don in rarrabe tabbas da zato, ga shi na kasa karanta fuska ɗaya.

Yau Shugaba ta kira ni. Ta ce, "Malam, aikinku ya daina haɗuwa. Ɗayanku ke ɓata shi. Ka duba ka faɗa mini gobe, in mayar da shi ƙasa wajen masu kwafe takardu."

Zan ce ni ne. Ban san ko ina rufa wa soyayya asiri ba ko ciwon kai, amma na san yadda kike son aikin nan, kuma ba zan iya ganin kujerarki wayam ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Daga gobe babu saɓanin da zai sake haɗa mu, babu tebur, babu taga, sai ni da ƙarar injin kwafi a ɗakin da ba ruwanki da shi.

Don Allah, ki fitar da ni daga wannan duhu. Babu aikin da zai sauko da ke ƙasa. In na ji takunki a matattakala, kin sauko riƙe da kofinki, na san gadar nan don ni kika ƙaryata ta. In ban ji ba, zan ci gaba da kasa kunne.

Naki har ƙarshen numfashi, shuɗi, mai tsanani,
Abokin saɓaninki