Hoton Gonar Malam Sani

Daren Laraba, Sheme

Raina a jagule yake. Gasar hoton da na buɗe a intanet don tallar irin masarar shagona ta zame mini abin kunya. Na ce duk wanda ya shuka irina ya ɗora hoton gonarsa, wanda tasa ta fi kyau ya samu famfon feshi. Shiru kake ji.

Ɗazu Baba Iliya maƙwabcinmu ya biyo shago, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Kai Nura, mi ke damunka? In nuna ma ɓarayin daji abin da na noma, su aza mani haraji?" Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Bayan la'asar hoto ɗaya ya shigo, daga Malam Sani mutumin Damari. Masara kore shar, ta fi shi tsawo. Na kira shi da murnata. Ya ce hoton bara waccan ne, tun da ɓarayin daji suka taso su daga garinsu bai sake taka gonar ba. So yake kawai mutane su gan ta.

Shi kaɗai ya shiga, shi ya ci. Gobe zan kai masa famfon ɗakin da yake haya. Ban san me zai fesa ba.