Tukunya a Cikin Bargo

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwa da sauƙi, tari na nan. Jiya na ɗora wake a kan gas, na zauna, barci ya sace ni. Matar direba, maƙwabciyata, ce ta jiyo ƙauri ta yi ta dukan ƙofa. Kafin in hana ta har ta kira 'yata Auta. Auta ta ce a waya, "Baba, in aka kuma, zuwa zan yi in ɗauke ka ka dawo wurina." Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan. Ba inda za ni.

Laraba, 5 ga Maris
Ban kunna wuta ba. Burodi da ruwa.

Alhamis, 6 ga Maris
Wata malama a rediyo ta ce hayaƙin man da muke ƙonawa ne ke ɗumama duniya, har da na girki. Sai na tuna abin da na shekara talatin ina koya wa yara a aji: zafi guduwa yake yi, in ka tare masa hanya sai ya zauna. Wake na cin awa biyu a kan wuta, ni kuwa ba na iya gadin awa biyu. Minti goma sha biyar dai zan iya.

Asabar, 8 ga Maris
Na jiƙa wake tun jiya. Na tafasa shi ina tsaye, agogo a hannu, na kashe gas. Na naɗe tukunyar a bargon marigayiya matata, na sa a kwandon wanki, na danne da filo. Bai nuna ba, kamar tsakuwa. Laifina ne, sau uku ina buɗewa ina leƙe.

Lahadi, 9 ga Maris
Yau na kame hannuna awa huɗu. Da na ɗaga murfi tururi ya bugi gilashin idona. Wake ya yi luguf, ko haƙori ba ya nema. Na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni.

Talata, 11 ga Maris
Matar direba ta leƙo, wai gaisuwa, amma na san kicin ta zo dubawa. Ta ga kwando ta ce, "Baba, zazzaɓi tukunyar take yi ka lulluɓe ta?" Na ce jira ki gani. Ta ɗanɗana, ta ƙara cokali biyu. Wai ita ma tana da tsohon bargo.

Alhamis, 20 ga Maris
Kwana biyu a kwance, ƙirji. Abinci ya dafa kansa.

Litinin, 24 ga Maris
Mai gas ya zo musanya, ya ɗaga tukunyar gas ya ji ta da nauyi. "Baba, ko ka yi sabon abokin ciniki ne ba ka faɗa mini ba?" Na ce bargo ne ya ƙwace maka kasuwa. Gida biyar yanzu a layinmu suna yi. Awa biyu ta koma rubu'in awa, sau biyar, kullum. Da malamar rediyo ta san ni da ta gaishe ni.

Laraba, 26 ga Maris
Auta ta ce Asabar za ta zo ta gani da idonta, in ba ta gamsu ba mu tafi tare. Matar direba ta karɓi wayar ta ce, "Hajiya, malaminmu za ki ɗauke? Wutarsa tana riga tamu mutuwa." Ta tura mata hoton kwandon.

Asabar, 29 ga Maris
Na yi aski, na sa farar riga. Da hantsi mata huɗu suka shigo da kwandunansu, ɗaya tata ba ta nuna. Na duba, murfinta ne ba ya zama. Na tsawata mata kan leƙe kamar ni ban taɓa yi ba. Muka jira tukwane muna hira, aka ci a nan tsakar gida, har aka rasa kujera. Sai da suka watse bayan la'asar na lura ban je bakin taga duba zuwan Auta ba ko sau ɗaya. Wataƙila gwiwa ce.

Ba wanda ya ɗauke ni. Na ajiye wa Auta nata a cikin bargo, har yanzu da ɗumi. Auta ba ta zo ba.