Sunan da Akawu Ya Rubuta

Ƙofar Dundaye, Sakkwato

Zuwa ga taubashina Alhaji Mode, dillalin siminti a Kalambaina. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali?

Bayan haka, na ga sabuwar mota Fijo ta wuce gaban rumfata ranar Jumma'a. An ce taka ce. Ban ɗaga kai ba, ina auna wa wata tsohuwa atamfa, amma dai na lura fara ce, kujerunta ja, ko ledar ba a cire ba. Allah shi sanya albarka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan, sunka faɗo hannun ma'aikata, kowa shadda yake nema. Na tafi banki neman rance in saro kaya kafin Sallah, manaja ya ce sunana na cikin waɗanda ba su biya. Ni Arzika! Wai rancen da na ci bara waccan ko kwabo bai dawo ba. To ai kai nake ba kuɗin duk ƙarshen wata ka kai, tunda ba girmana ba ne a gan ni a layi da ƙunshin kuɗi awa ɗan aike. Ina sunka shiga?

Ka huta lafiya. Naka, Arzika.

Kalambaina

Zuwa ga Malam Arzika, bawana na gado. Gaisuwa da girmamawa. Motar da ba ka gani ba tana gaishe ka.

Wallahi ko sisi bai kwana a aljihuna ba. Duk wata nakan miƙa wa akawu, ya ce, "Sunanka?" In ce Mode. Yo me zan ce? Ka san ban iya kama sunanka gatsau a gaban mutane, kai da ka koya mini awo. Da na ce na Yaya ne, bai ko ɗago ba. Lokacin ni ma ina da ɗan rancena a wurinsu. Ashe shi ya sa manaja ke miƙewa in na shigo, yana cewa bai taɓa ganin mai biya kafin lokaci kamata ba. Ni na ɗauka farin jini ne.

Kada ka tada maganar. Faɗi shaddar da kake so, in karɓo rancen da sunana.

Allah shi bar zumunci. Mode.

Ƙofar Dundaye

Mode, gaisuwa.

Farin jini! Jinina ne ka shafa. Ashe da gumina anka ba ka lamunin tifa, tifa ta kai ka Makka, ta kuma haifi Fijo, ni ko ina nan ina korar ƙuda daga kan atamfa. Jiya Lantana, uwar ɗiyana, ta ce, "Malam, ka ji Mode zai ɗora bene?" Na ce na ji, miƙo mini ruwa.

Ba na son shadda da sunanka. Tambari mai kanti, da muke gaisawa tun muna samari, ya hana ni kaya sai da kuɗi hannu, don magana ta fita kasuwa. Wanga shi ne ciwon. Na koma wurin manaja, ya ce gyara mai sauƙi ne: ka zo da bakinka ka shaida, mu sa hannu, a maido kowane biya inda ya dace. Litinin nake jiranka.

Wassalam. Arzika.

Kalambaina

Yaya, gaisuwa da ban-girma.

Ka san abin da kake roƙo? In anka cire biyanka daga sunana, ni ne zan koma wanda ya yi jinkiri. Tifa ta biyu tana hanya daga Ikko bisa lamuninsu, na riga na yi wa 'yan kwangilar barikin soja alkawarin kai siminti. Soja ko ba su san "a yi haƙuri" ba. Ka ba ni zuwa bayan Sallah.

Kuma in tambaye ka, tsakaninka da Allah: sunanka kake son a wanke, ko ni kake son a gani a ƙasa?

Ƙanenka, Mode.

Ƙofar Dundaye

Mode, gaisuwa.

Bayan Sallah wa ke sayen shadda? Tambayarka kuwa na juya ta har na gaji, ban samo amsar da zan iya rubutawa ba. Litinin dai.

Arzika.

Kalambaina

Yaya, gaisuwa.

Na je, na shaida, na dangwala. Saura hannunka. Manaja ya ce ka zo gobe, zai ba ka takardar da za ka nuna wa Tambari da duk mai shakka. Bai miƙe ba da na shigo, bai raka ni ba da na fita. Sun janye lamunin tifar. Fijo tana hannun dillali, in biya 'yan kwangila.

Ka samu duka biyun ke nan: an wanke sunanka, ni ko ga ni a ƙasa. Wanda ya fi maka daɗi, riƙe shi a cikinka.

A gaida Lantana. In shaddar ta iso, a yanka mini ta Sallah. Bashi.

Mode.