Gurbin da Sadisu Ya Ƙi

Daren Laraba, ƙarshen damina

Ɗazu muna cirar gyaɗa Sadisu yake gaya mini malaminsu ya samo masa gurbin binciken kammala digiri a Turai, inda ake gwara ƙwayoyin zarra a ga abin da ke cikinsu. Wai ya ƙi, aikin banki yake hari.

Na ce, "Sakarai kawai. Wa ya karance littattafanka na fiziks a gindin ɗorawa ya koya maka? To ka ba su sunana, ni in tafi."

Ya ce, "Yaya, lambar ɗalibi suke tambaya."

Na zage shi tas, yanzu kuma kuka nake. Ranar da Baba ya ce ɗaya ya tafi jami'a, ɗaya ya riƙe gona, ni da bakina na ce ƙanena ya tafi.